Littafin Jagora na Ƙauyukan Dordogne: Inda Aikin Ya Kai

13 ga Afrilu, 2024

Yau kwana uku da ƙaramar salla, na buɗe wannan kundi domin in riƙa ajiye labarin wani aiki da na ɗora wa kaina, wato rubuta ɗan littafin jagora da Hausa ga iyalanmu mazauna Bordeaux da Toulouse da kewayensu, waɗanda suke son fita hutu zuwa karkarar jihar Dordogne ta Faransa amma ba su san ta inda za su faro ba. Abin da ya tayar da ni shi ne wata tambaya da 'yata ta fari ta yi mini a watan jiya. An koya musu darasin kogon Lascaux, mai zane-zanen mutanen da, a makaranta, ta dawo gida tana cewa: "Baba, a wace ƙasa yake?" Na yi shiru, domin na shekara goma sha shida a wannan birni ban taɓa sanin cewa tafiyar awa biyu da ɗan wani abu ce a mota daga ƙofar gidana ba. Da na bincika cikin 'yan'uwa sai na tarar ba ni kaɗai ba ne. Yawancinmu hanya biyu muka sani, ta wurin aiki da ta filin jirgi, kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan suna girma ba su taɓa ganin karkarar ƙasar da suke zaune a cikinta ba.

Na kafa wa kaina sharaɗi guda: ba zan sa wani wuri a littafin ba sai wanda na taka da ƙafata. Na kuma taƙaita aikin ga kudu maso gabashin jihar, ɓangaren da ake kira Périgord Noir, tsakanin kogin Dordogne da kogin Vézère, domin a nan abubuwan kallo suka fi cunkushewa. Sauran ɓangarorin uku, na Périgueux da na Bergerac da na Nontron, sai wata shekara in Allah ya kai mu. Sunayen wurare zan bar su yadda Faransawa suke rubuta su, tunda haka mai tuƙi zai gan su a allunan hanya, sai dai in ƙara yadda ake furta su a gefe.

27 ga Afrilu, 2024

Tafiya ta farko na yi ta ni kaɗai a jirgin ƙasa, da gangan, domin in san abin da iyalin da ba su da mota za su tarar. Jirgin yana tashi daga tashar Saint-Jean ta Bordeaux, ya bi ta Libourne da Bergerac, ya ƙare a Sarlat bayan kimanin awa biyu da rabi. Daga tashar zuwa tsohon gari akwai tafiyar ƙafa ta kusan minti ashirin.

Na dace da ranar kasuwa, domin Sarlat tana ci ne Asabar da Laraba, kuma ta Asabar ta fi girma. Rumfuna sun cika dandalin Place de la Liberté har sun malala cikin lunguna, inda gidajen dutse masu launin zuma suka matse juna, rufinsu kuwa na falalen duwatsu ne da aka jera ɗaya bisa ɗaya. Garin bai tsira da kamanninsa haka kawai ba. Dokar kare tsofaffin unguwanni ta 1962, wadda ake dangantawa da ministan al'adu André Malraux, ita ta hana a rushe shi, kuma Sarlat tana cikin garuruwan farko da aka fara gyarawa a ƙarƙashinta. Tsohuwar majami'ar Sainte-Marie an mai da ita kasuwa mai rufi, da wasu ƙofofin ƙarfe masu tsawon da sai mutum ya ɗaga kai sosai kafin ya ga ƙarshensu.

Babban abin da na koya yau shi ne jirgin ƙasa yana kai mutum Sarlat, amma ba ya kai shi ga yawancin abubuwan da ya zo gani. Ƙauyukan bakin kogi suna da nisan kilomita goma ko fiye, kuma motocin haya na karkara kaɗan ne. Garin Montignac, inda Lascaux yake, ba shi da tashar jirgi ma sam. Saboda haka babi na farko zai faɗi gaskiya tun daga layin farko: iyalin da ba su da mota su haɗa kai da wani iyali, ko su yi hayar mota daga Bordeaux.

11 ga Mayu, 2024

Na zo da niyyar gwada kwalekwale, ban samu ba. An yi ruwan sama mai yawa, kogin ya cika ya yi launin ƙasa, kuma mai hayar kwalekwalen da na je wurinsa ya ce ba zai sa kowa a ruwa ba sai ya sauka. Na ji haushin asarar tafiyar, amma na ga gaskiyarsa da na tsaya a kan gada na ga rassan itatuwa suna wucewa da gudu. Na rubuta a littafin cewa a duba shafin Vigicrues, wanda hukuma take sanar da tsayin koguna a kansa, kuma a buga waya kafin a bar gida. Da yamma na yi hayar keke na bi wani ɓangare na hanyar kekuna da aka shimfiɗa a kan tsohon layin dogo daga Sarlat zuwa Cazoulès. Babu mota a kanta, babu hawa mai wahala, inuwa kuma ta wadata, don haka na sa ta cikin wuraren da suka dace da ƙananan yara.

1 ga Yuni, 2024

Yau na cika alkawarin da na yi wa 'yata. Mun sayi tikiti ta intanet tun mako biyu da suka wuce, domin shiga Lascaux rukuni-rukuni ake yi, kowane rukuni da sa'arsa da mai yi masa jagora.

Dole littafin ya bayyana wa mutane tun da wuri cewa abin da za su gani kwafi ne, domin kada wani ya ji an yaudare shi. Kogon na ainihi, wanda samari huɗu suka shiga ranar 12 ga Satumba, 1940, an buɗe shi ga jama'a a 1948, aka rufe shi a 1963. Dalili kuwa shi ne numfashi da ɗumin jikin baƙi, waɗanda sukan haura dubu a rana, sun sauya iskar ciki har gansakuka ta fara bin bango tana cin zanen da ya shekara aƙalla 17,000 lafiya lau a cikin duhu. An yi kwafi na farko a 1983 kusa da kogon, sannan a Disamban 2016 aka buɗe wannan babban ginin da ke gindin tudun, inda aka sake ƙera kusan dukan kogon, da kowane lanƙwasa da tsagar dutse.

Na yi zaton sanin cewa kwafi ne zai rage mini armashi, amma da aka rufe ƙofa a bayanmu, sanyi ya sauko, ido ya saba da duhu, sai bijimai suka bayyana a saman kawunanmu, babbansu ya haura mita biyar, da dawakai ja da baƙi da ruwan ɗorawa suna gudu a tsakaninsu. Mai jagoran ta karkata fitilarta ta nuna mana yadda mai zanen ya yi amfani da kumburin dutse ya zama kafaɗar dabba. 'Yata ta riƙe hannuna ta ce a hankali: "Baba, da wace fitila suka gani?" Na isar da tambayar, matar ta ce da fitilun dutse masu cin kitsen dabba, kuma an samu irinsu a cikin kogon.

A hanyar dawowa na ba ta labarin raƙuman dawa na Dabous, arewa da Agadez, waɗanda aka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban cikinsu ya haura mita biyar shi ma, kuma su ma an yi musu kwafi saboda tsoron lalacewa. Ta yi mamakin jin cewa ƙasar iyayenta tana da irin wannan. Na yanke shawarar sa wannan a cikin babin, tare da zanen duwatsun Birnin Kudu, domin yaron da ya tsaya a gaban bijiman Lascaux ya san cewa a gida ma akwai magabatan da suka bar hannunsu a kan dutse.

Ga mai son ganin zanen ainihi, akwai kogon Font-de-Gaume a Les Eyzies, inda ɓaunaye masu launi suke nan yadda aka bar su, sai dai mutane kaɗan ake bari su shiga kowace rana, kuma ban samu wuri ba tukuna. Shafinsa yana nan babu rubutu har sai na shiga.

22 ga Yuni, 2024

Wannan makon aikin tebur ne, kuma shi ne babin da na fi ganin amfaninsa, domin babu wani littafin yawon buɗe ido na Faransanci da zai amsa wa mutanenmu waɗannan tambayoyi.

Na farko abinci. Girkin Périgord ya ginu ne a kan agwagwa da dinya da kitsensu, sannan naman alade yana shiga wurare da yawa da ba a zato, har cikin miyar ganye da wake. Dankalin da aka fi sani da sunan Sarlat da kitsen agwagwa ake soya shi. Shawarar da na bayar ita ce a kama gidan haya mai ɗakin girki, irin wanda suke kira gîte, a sayo nama daga mahautan halal na Bordeaux ko Bergerac ko Périgueux a cikin akwatin ƙanƙara, sauran kaya kuwa a saye su a kasuwannin ƙauye, inda ƙwai da cukun awaki da tumatir da zuma da 'ya'yan itatuwa suke da kyau ƙwarai. Na kuma ja hankali cewa gidajen abinci na karkara daga sha biyun rana zuwa ƙarfe biyu suke ba da abincin rana, bayan nan sai dare, kuma shaguna da yawa suna rufe da yammacin Lahadi.

Na biyu salla. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma saura kwata na dare, abin da ke nufin akwai sarari mai faɗi tsakanin azahar da magariba na yawo, amma isha'i tana yin nisa sosai ga yara da tsofaffi. Masallatan da na tabbatar suna Périgueux da Bergerac, kowanne tafiyar kusan awa guda ce ko fiye daga Sarlat, don haka mai son Juma'a ya tsara ranar tun daga gida. Batun kasaru da haɗa salloli na bar wa kowa ya tambayi malaminsa kafin tafiya. Na ƙara da cewa bakin kogi yana da wuraren ciyawa masu tsabta da nutsuwa, kuma a duk inda na shimfiɗa darduma nesa kaɗan da hanya babu wanda ya dame ni.

Na uku kuɗi. Iyalai da dama suna da takardun biyan kuɗin hutu na Chèques-Vacances daga wurin aikinsu, ko suna da haƙƙin tallafin hutu na VACAF, ba su taɓa amfani da su ba. Wuraren kafa tanti da wuraren ziyara da yawa suna karɓar na farkon.

20 ga Yuli, 2024

Mun kwana uku da iyali duka a wani gida kusa da Cénac. Ranar Alhamis da dare muka hau lambun Marqueyssac, wanda yake kan wani dogon tudu, inda aka aske shuke-shuke 150,000 da hannu suka zama kamar garken tumaki a kwance. A watannin Yuli da Agusta, kowace Alhamis da dare ana kunna kyandirori a gefen hanyoyin lambun. Daga ƙarshen tudun, mita 130 sama da ruwa, ana hango fitilun La Roque-Gageac a ƙasa. Wurin yana da kyau matuƙa, amma hanyar tana da tsawo da tsakuwa, kuma uwargida ta sha wahala da keken jariri, abin da na rubuta a fili.

Ranar Juma'a da safe ni da 'yata da ƙanen uwargida muka shiga kwalekwale daga Vitrac zuwa Beynac, kimanin kilomita goma sha biyar. An ba kowa rigar kariya daga nutsewa da filafili, da wani ɗan durom mai murfi na ajiye waya da abinci. Ruwan ya sauka ya yi garau, har ana ganin duwatsun ƙasa da dogayen ciyayin ruwa masu fararen furanni suna kaɗawa. Mun wuce ƙarƙashin Domme, garin da sarkin Faransa Philippe na Uku ya kafa a 1281 a kan hayin dutse, muka wuce La Roque-Gageac wadda gidajenta suke manne da bangon dutse, sannan kogin ya karkata sai ga fadar Castelnaud a hagu, can gaba kuma ta Beynac a dama. Daga cikin ruwa ne mutum yake gane dalilin gina su. A Yaƙin Shekara Ɗari, daga 1337 zuwa 1453, wannan kogi ya kasance iyaka, Castelnaud ta fi zama a hannun masu goyon bayan Ingila, Beynac kuwa tana wajen Faransa, kowacce tana kallon 'yar'uwarta da duk jirgin da zai wuce tsakaninsu. Da yamma muka shiga Castelnaud, inda aka ajiye makaman zamanin da manyan majaujawa na katako masu jifa da duwatsu, kuma yara sun fi son wannan fiye da komai.

Akwai maganar da na daɗe ina juyawa kafin in rubuta ta. Sharaɗin masu hayar kwalekwale shi ne kowa ya iya iyo, kuma na san manya da yawa cikinmu ba su iya ba, sai dai kunya takan hana su faɗa a gaban 'ya'yansu. Kogin yana da wurare marasa zurfi, amma yana da ramuka da wuraren da ruwa yake ja, musamman kusa da ƙafafun gada. Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa wanda bai iya iyo ba kada ya shiga, ko da an ba shi riga, domin akwai wata hanyar ganin kogin wadda ba ta da wannan haɗari.

10 ga Agusta, 2024

Na koma ni kaɗai domin in ga yankin a tsakiyar cunkoso. Na shafe kusan awa guda ina neman wurin ajiye mota a Beynac, hanyar bakin kogi kuma ta tsaya cik da tsakar rana. Wanda yake da zaɓi ya zo a Yuni ko farkon Yuli ko Satumba. Wanda hutunsa bai faɗo ba sai a Agusta ya fita da sassafe, ya shiga kogo da tsakar rana lokacin da zafi ya yi tsanani, tunda cikin ƙasa sanyi ne kullum, kuma ya riƙe rigar sanyi ko da waje ana gumi. Na ƙarasa ranar a Limeuil, inda Vézère take zuba cikin Dordogne, na tarar da iyalai suna zaune a kan tsakuwar bakin ruwa ba tare da biyan ko sisi ba. Na buɗe sabon shafi na wuraren da ba a biya.

21 ga Satumba, 2024

Wannan tafiya ta kawuna ce, wanda ya haura shekara saba'in, ya yi fiye da arba'in daga cikinsu a Faransa yana aikin gini, kuma bai taɓa fita hutu cikin ƙasar ba. Na so in gwada littafin da gwiwoyinsa. Da na gaya masa, ya ce: "Ɗana, me zan je gani a dajin Nasara?" Na ce: "Kawu, ku zo dai ku taimake ni, idonku ya fi nawa sanin gini." Da wannan ya yarda.

A La Roque-Gageac muka shiga gabarre, jirgin ruwa mai shimfiɗaɗɗen ciki da aka ƙera bisa siffar waɗanda suke dakon katako da sauran kaya zuwa Bergerac da Libourne kafin jirgin ƙasa ya kashe sana'ar. Zagayen kusan awa guda ne, mutum yana zaune a kan benci, kuma wannan ita ce hanyar da na ce ta dace da tsofaffi da waɗanda ba su iya iyo ba. Kawu bai ce komai ba sai da muka sauka muka hau lungun da ke bayan majami'a, inda bangon dutsen yake tare iskar arewa yana riƙe zafin rana, har ayaba da dangin dabino suke girma. Ya tsaya ya shafa ganyen ayaba da tafin hannunsa, ya daɗe, sannan ya juya ga wani bango yana bin layin duwatsun da yatsa, ya ce wanda ya jera wannan ya san aikinsa, domin babu dutse guda da ya hau kan gaɓar na ƙasa da shi.

Da yamma muka je fadar Les Milandes, wadda aka gina a 1489, inda Josephine Baker ta zauna. Baƙar fata ce haifaffiyar Amurka, ta yi wa Faransa aikin sirri a Yaƙin Duniya na Biyu, ta reni yara goma sha biyu da ta ɗauko daga ƙasashe daban-daban a wannan gida, bashi kuma ya raba ta da shi a ƙarshen shekarun 1960. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, aka karrama ta a Panthéon, ginin Paris da Faransa take karrama manyan mutanenta a cikinsa, ita ce baƙar mace ta farko da ta samu haka. Matakalar cikin gidan ta yi wa Kawu tsauri, ya tsaya a hawa na farko, na sa alama a littafin. Zan kuma sanar da iyaye cewa cikin hotuna da tufafin da aka baje akwai na rawar dandali da ba kowa zai so yaransa su gani ba, domin kowa ya shiga da saninsa. A mota Kawu ya tambaye ni ko za a iya samun gida mai ɗaki a ƙasa, ya kawo Inna badi.

19 ga Oktoba, 2024

Na bi hanyar ƙafa ta kusan awa uku a kewayen Saint-Léon-sur-Vézère domin in kammala babin tafiyar daji. Alamomin suna jikin itatuwa da duwatsu: layi mai ruwan ɗorawa na gajeren zagaye ne, fari da ja na doguwar hanya, idan kuma aka gicciye su to ba nan ba ne. Lokacin farauta ya kama tun Satumba, na kuma ci karo da allon da aka rubuta "Chasse en cours", wato ana cikin farauta, da mutane sanye da riguna masu launin lemo suna jiran aladen daji, sai na juya na bi wata hanya, kuma haka na ba da shawara a yi. Na ƙara gargaɗi kan kaska, wadda takan maƙale a ƙafa cikin dogayen ciyayi tana iya sa cuta, da cewa kantin magani yana sayar da ɗan ƙarfen cire ta. Lambar gaggawa 112 na sa ta a bangon baya.

Ana cikin kakar noix, ɗan itacen nan mai ƙwarya mai tauri da yankin ya shahara da shi, kuma a gonakin da na ratsa ana ta karkaɗe itatuwa ana kwashewa. Wata tsohuwa da ke tsince a bakin gonarta ta cika mini aljihu biyu, yatsunta sun yi baƙi da ruwan ɓawon kamar mai lalle.

Zuwa yau babi bakwai sun kammala cikin tara. Na ba iyalai uku kwafi su tafi da shi a hutun makaranta da ya fara yau, su dawo mini da gyara, musamman kan kwatancen hanya. Abin da ya rage shi ne Font-de-Gaume, wanda na samu wuri a cikinsa a watan Nuwamba, da kogon Rouffignac mai zanen giwaye masu gashi wanda ake shiga da ɗan jirgin lantarki, sai dai shi yana rufewa da sanyi, don haka zai jira bazara. Taswirar ma ba ta gamsar da ni ba, domin sunayen ƙauyukan bakin kogi sun hau kan juna, kuma na mayar wa mai zanen ita ranar Litinin ya faɗaɗa tsakanin Vitrac da Beynac.